Kwalejin Auta da Injin Yanka

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da ɗanki. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ciwon gwiwar da ya dame ni bara ya lafa tun da na daina hawa bene da kaya. Mahaifiyar yara tana gaishe ki, ta ce har yanzu ba ta manta da dariyarki ba.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, domin rabonmu da juna tun rasuwar Kaka, kafin ki ƙetare zuwa ƙasar da kike. Amma kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, kuma wannan ya ishe ni hujja. Wajen Goggo na sami adireshinki na imel. Da hannu na rubuta, na ɗauki hoton takardar na aiko, saboda maganar waya iska ce, ba a komawa a sake karanta ta.

Ga abin da ya kawo ni. 'Yata Auta, wadda kika bari tana rarrafe, ta gama sakandare, ta nemi gurbin karatu a ƙasarku da kanta. Kwaleji biyu sun karɓe ta, dukansu irin waɗanda ke koyar da ilmi fanni-fanni, ba sana'a guda ba. An ba mu zuwa ƙarshen watan gobe mu zaɓi ɗaya.

Ta farko tana cikin babban birni. Ta yafe mana kashi uku cikin huɗu na kuɗi, sauran a kanmu. Ta biyu ƙarama ce, tana can cikin gonaki. Ta ce ta ɗauki komai: karatu, ɗaki, abinci, har da tikitin jirgi sau ɗaya a shekara. Za ki ce ai magana ta ƙare. Ni ma haka na ce, sai da ƙasidunsu suka iso hannuna.

Kin san ban yi nisa a makaranta ba. Abin da na sani a duniya, daga ƙasidun da maɗaba'u ke kawo mini in yanke in ɗaure na koye shi, domin ba na sa wuƙa a kan takardar da ban karanta ba. A wannan aiki na gane abu guda: takarda ba ta ɓoye halin mai ita. Kamfanin da ya fara rage kaurin takardarsa, ba a daɗewa za ki ji ya rufe. Na ga haka ba sau ɗaya ba.

Ƙasidar babbar kwalejin mai kauri ce, mai sheƙi, ɗaurinta ba inda zan kushe. Ta ƙaramar kuwa, takarda ce sakayau, kina iya hango rubutun baya. Jan launi ya zame daga kan shuɗi, har bishiyoyin da ke hoton sun yi inuwa biyu. Makarantar da ta kasa biyan maɗaba'a ta kirki, ta yaya za ta ciyar da 'yar wani shekara huɗu? Ƙari a kan haka, da bakinsu suka rubuta cewa ɗalibi tara ne ga malami ɗaya. Kasuwar da masu sayarwa suka kusa kai yawan masu saye, ai ta kusa watsewa.

Saboda haka na yanke shawarar sayar da injin yankana in cike wa babbar kwalejin abin da ya rage. Ni sai in koma aiki a ƙarƙashin wani. Amma Auta ta nace wa ƙaramar, mahaifiyarta kuma ta ce in tambayi wanda yake ƙasar kafin in yi abin da ba ya gyaruwa. Don Allah ki bincika mana, ki faɗa mini gaskiya ko da ba ta da daɗi.

Ɗan'uwanki.

*

Yaya Ƙa'ida!

Wa alaikumus salam. Wallahi da na ga rubutun nan naka mai tsaye kamar sojoji sai da na ajiye kofin shayi na yi ta dariya ni kaɗai. Ashe kana nan yadda na san ka? Kai ne fa a gidan Kaka ka hana ni shan maganin tari sai ka gama karanta 'yar takardar cikin kwali, gaba da baya, ni kuwa ina ta tari kamar zan mutu.

Muna lafiya. Yaron ya fi ni tsawo yanzu, ci kamar gara, ya tafi koyon aikin lantarki a wani gari. Ni kuma ina nan ina jan bas ɗina. E, bas, irin dogon nan. Kada ka ce komai, Goggo ta riga ta faɗi naka da nata. Bayana ne kawai ke ɗan yi mini ciwo saboda zama. Ka gaishe da matarka, ka ce mata dariyar tana nan, haƙora ne suka ragu. Auta kuwa, Allah ya yi mata albarka. Kwaleji biyu! A danginmu! Ka bar ni in yi ta fahariya a wurin aiki.

Babbar kam na san ta, wa bai san ta ba? Hotonta yana manne a jikin bas ɗin da nake tuƙawa, yara uku suna ta murmushi da littafi a hannu. Ƙaramar ban taɓa jin sunanta ba.

Kada ka sayar da komai tukuna. Ka ba ni lokaci.

Ƙanwarka Direba.

*

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fata bayan naki ya yi sauƙi. Na taɓa yanke wata ƙasida a kan ciwon baya, an ce mai yawan zama ya sa ɗan matashi a ƙugu, kuma ya miƙe tsaye duk lokacin da ya sami hali. Mu nan lafiya, sai dai gidan ya yi shiru.

Na karanta takardarki a tsanake. Kin yi dogon bayani a kan maganin tari da bas da haƙora, amma da kika zo kan ƙaramar kwalejin sai kika taƙaita a layi ɗaya. Na san halinki, ba kya son ɓata wa mutum rai. Wadda ta daɗe a ƙasa kamar ke, tana yawo kan titi kullum, idan ta ce ba ta taɓa jin sunan makaranta ba, ai ta gama magana. Shirun da kika yi tun daga lokacin ya ƙara tabbatar mini. Na gode da tausayin, amma na fi son a yanke mini magana kai tsaye.

Na gaya wa Auta abin da na fahimta. Tana shago tana taya ni jera takardu. Ta ce, "Baba, Anti fa ba ta ce makarantar ba ta da kyau ba." Na ce manya ba sa faɗin irin wannan da baki. Sai ta ce, "To ni ba zan je inda za a sayar da injinka a kai ni ba. Gara in zauna in taya ka ɗauri." Na ce ba ita za ta koya mini abin da zan yi da kayana ba. Na ɗaga murya, abin da ban saba yi ba, har mai shagon kusa ya leƙo.

Akwai kuma abin da ban faɗa miki a takardar farko ba. A babbar kwalejin, tun daga ranar farko ana iya rubuta ta a layin masu shirin aikin likita. A ƙaramar, sai ƙarshen shekara ta biyu ɗalibi yake zaɓar fanni. Na tambaye ta abin da za ta yi kafin nan. Ta ce kimiyyar haɗa magunguna, da tarihi, wataƙila da zane. Ƙanwata, ɗan mai kuɗi ne yake ɗanɗana kowace tukunya kafin ya zauna cin abinci. Ɗan talaka abin da aka zuba masa yake ci, ya tashi ya nemi aiki. Ina tsoron ta dawo da ilmi mai yawa, hannu kuwa babu sana'a.

Mai maɗaba'ar layin baya ya zo ya duba injin. Ya auna shi, ya gwada wuƙar, ya yaba. Ban ba shi amsa ba, ina jiran taki.

Ɗan'uwanki.

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta hana ki rubutu. Idan rashin lafiya ne, ki sa yaron ya sanar da mu.

Wa'adin kwaleji ya matso, mai saye kuma ya ce yana da wani injin a hannu idan ni ban shirya ba. Jiya na karɓi kafin alƙalami. Zai zo da mota ya ɗauka makon gobe. Auta ba ta sani ba tukuna. Mahaifiyarta ta sani, ta dai ajiye mini abinci ta tashi.

Ba na zargin ki da komai. Na san na ɗora miki abin da ba naki ba.

Ɗan'uwanki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, kai ne za ka sa mini hawan jini. Na ce ka ba ni lokaci, kai kuma ka zauna kana auna layukana da ma'auni! Da na ce ban taɓa jin sunanta ba, nufina ban taɓa jin sunanta ba, shi ke nan. Ni direbar bas ce, Yaya. Makarantar da na sani ita ce wadda aka manna mini a jikin mota. Shirun kuwa, aiki na riƙa ninkawa don in tara hutun da zan je in gani da idona. Wurin da nisa, wuni guda a hanya. Da na ga takardarka ta kafin alƙalami, ban jira hutun ya cika ba, na roƙi wata abokiyar aiki ta riƙe mini layi, na ɗauki tsohuwar motata na kama hanya. Jiya na dawo.

Bari in fara da babbar, tunda ita na kira a waya. Abin da suka yafe ba ya ƙaruwa, amma kuɗin makarantar yana ƙaruwa duk shekara. Daga shekara ta biyu kuma yawancin ɗalibai haya suke kamawa a cikin birni. Ni nake biyan haya a birni, kada ka sa in fara. Injinka zai kai ta rabin hanya, daga nan me za ka sayar? Gwiwar?

Ƙaramar kuwa, gonaki, gonaki, har na ɗauka na ɓata, sai ga ta. A ofis suka haɗa ni da wata ɗaliba 'yar shekara ta uku, ita ma daga wata ƙasa mai nisa, ubanta tela ne. Na ja ta gefe na ce, 'yata, bar maganar ofis, tsakaninki da Allah, sun taɓa ce miki kawo kuɗi? Ta ce ko sau ɗaya. Ta ce da kuɗin makaranta ya ƙaru, tallafinta ma ya ƙaru. Littattafai ne kawai a kanta, kuma tana aiki a laburare tana saye.

Ɗalibi tara ɗin nan ma na gan su. Ta leƙa da ni wani aji, suna zaune kewaye da tebur ɗaya suna ta musu da malamin, yana kiran kowa da sunansa. Na tambaye ta ko rashin masu nema ne. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ƙawayenta huɗu suka nema tare, ita kaɗai aka ɗauka.

To, ga taka. Na fito da wayata na nuna wa matar ofis hoton ƙasidar, na ce yayana ya ce bishiyoyinku inuwa biyu gare su. Kunya kamar in nutse, amma na faɗa. Sai ta sauka da ni ƙasan wani gini. Yaya, maɗaba'a ce! Ƙarama, tana warin tawada irin na rigarka. Ɗalibai ne suke buga ƙasidar da kansu, ana biyan su, wani dattijo yana duba su. Ta ce sun san ba ta kai ta 'yan kasuwa kyau ba, amma sun fi son kuɗin ya shiga aljihun yaransu.

Ban ce maka aljanna ce ba. Sanyin wurin ba na wasa ba ne. Babu kasuwa, babu inda za ka je, kanti ɗaya ne a garin. Yarinyar ta ce watanninta na farko kuka ta riƙa yi a banɗaki. Maganar sana'a kuma ba zan yi maka alkawarin da ba nawa ba. Ita dai ta zo da niyyar likita, har yanzu tana kan hanyar, ta kuma haɗa da tarihi. Wasu suna canzawa. Auta ma tana iya canzawa, sai ka shirya wa hakan.

Sannan akwai abin da ƙasidar ba ta faɗa ba. A hutun tsakiyar shekara ana rufe ɗakunan kwana kusan wata guda, tikitin kuwa na dogon hutu ne kawai. Yaran da ba su da kowa a ƙasar suna shan wahala a lokacin. Auta tana da kowa. Ɗakina ɗaya ne da falo, kujerar falon tana buɗewa ta zama gado, yaron ba ya nan. Ni zan je in ɗauko ta, ni zan mayar da ita. Kada ka rubuto mini shafi uku na godiya da ban haƙuri, ba zan karanta ba.

Ka mayar wa mutumin nan kuɗinsa tun motar ba ta zo ba. Sannan ka zauna da yarinyar ka tambaye ta, tambaya fa, ba huɗuba ba.

Ƙanwarka.

*

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kin huta gajiyar hanya, kuma bayan bai tashi ba saboda doguwar tafiyar da kika yi dominmu. Mu nan lafiya. Kin hana ni shafi uku, saboda haka zan ce Allah ya saka miki da alheri, in tsaya a nan, ko da yake alƙalamin yana ja na.

Da na gama karanta takardarki, na ɗauko ƙasidar na sa mata gilashin dubawa. A shafukan farko jan launin ya zame sosai. A tsakiya ya ragu. A na ƙarshe ya zauna daidai. Wannan ba aikin maɗaba'ar da ke mutuwa ba ne, hannu ne yake koyo, kuma akwai wanda ya tsaya a kansa bai karɓe masa aikin ba. Na yaye yara da yawa a shagona, ya kamata in gane tun farko.

Mayar da kafin alƙalami bai zo da sauƙi ba. Mutumin ya riga ya yi cinikin motar da za ta ɗauki injin, ya kuma rushe wata kanta a shagonsa don injin ya sami wuri. Ya ce, "Malam, kai da ake misali da kai a layin nan?" Maganar ta yi mini zafi domin gaskiya ce. Na biya kuɗin motar, na kuma ɗauki ɗaurin littattafansa na wannan zango kyauta. Har yanzu gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba. Injin dai yana inda yake.

Na zauna da Auta kamar yadda kika ce. Na karanta mata takardarki duka, har da sanyin da kukan banɗaki, ban tsallake komai ba. Na ce, to, idan kika je kika ji likitancin ya fita daga ranki fa? Ta ce, "Zan rubuto maka kafin in canza, ba bayan na canza ba." Na ce idan kuma na ce a'a? Ta ce, "Sai mu yi ta rubutu har ɗaya ya gaji. Kuma Baba, ka san ni 'yarka ce." Mahaifiyarta ta fashe da dariya daga kicin, dariyar farko a gidan tun da aka fara wannan magana.

Ba zan ce hankalina ya kwanta duka ba. Har yanzu ban ga sana'ar da ke ƙarshen wannan hanya ba. Amma a kwamfutar shago ta aika musu da amsa. Na sa ta karanta shafin sau biyu kafin ta danna, ta karanta, ta danna. Babbar kwalejin ma na sa ta rubuta musu godiya, domin sun yi mana karamci gwargwadon ikonsu.

Saura maganar hutu. Tunda za ta zauna a hannunki, na ga bai dace in miƙa miki ita haka kawai ba. Ko fanka mutum ya saya, akwai takardar bayani a cikin kwali. Na zauna na fara rubuta miki tata: abin da take ci da wanda ba ta ci, maganin da ke sa ta ƙaiƙayi, yadda ba ta son a tashe ta da ƙarfi, yadda take manta rufe famfo idan tana karatu. Na kai shafi na biyar, har na fara tunanin bangon da zan sa, sai mahaifiyarta ta karɓa ta karanta a tsaye. Ta ce, "Mace ce fa za ta riƙe ta, mai ɗa. Duk wannan za ta gani da idonta cikin kwana biyu." Ta ninke takardun ta sa a aljihu, ta ce abu ɗaya ne kawai ba za ki gani da ido ba, shi zan rubuta.

Ga shi. Idan kika tambaye ta ta ce miki ba komai, ki ja kujera ki zauna.

Ɗan'uwanki.